Inna da Yatsan Maigida

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah da ya ba mu aron Inna, kakarmu mahaifiyar Baba, ya karɓi abarsa cikin daminar nan, wata safiya da gari ya wayi da yayyafi. Kafin azahar an kai ta makwancinta.

Na sha zuwa zaman makoki a cikin garin Daura, amma ban taɓa ganin irin na gidanmu ba. Mata za su shigo da sallama, ido jawur, su durƙusa su ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙanta," a amsa musu, a yi shiru. Ba a jimawa sai wata ta ce, "Kun tuna ranar da…" Shi ke nan, sai dariya ta ɓarke, mai ba da labarin tana share hawaye da bakin mayafi. Maƙwabciyarmu mai ƙosai ta ce ranar da akuyarta ta haifi 'yan biyu, Inna ta rangaɗa guɗa har mutanen unguwa suka fito suna tambayar gidan wa aka kawo amarya. Wata tsohuwa ta ce ita ranar da aka cire mata haƙorin da ya hana ta barci, Inna ta kama ta suka yi rawa a tsakar gida babu kiɗa. Sau da yawa Baba yana leƙowa daga zaure yana cewa, "Jama'a, makoki fa ake yi." Sai a ce, "To, Malam," a nutsu, ya juya, a ci gaba.

Mutum biyu ne kawai ban ga haƙorinsu ba duk zaman. Ɗaya Goggo ce, yayar Baba, wadda ta zo daga Mai'adua. Ɗayar kuma matar Yayana ce, wadda ta yini a bakin murhu kanta a sunkuye. Na san abin da ke tsakaninsu, domin a ɗakin Inna nake kwana, a nan nake karatuna in na dawo daga makaranta. Abin da na gani ke nan nake so in rubuta kafin a manta.

Inna ba ta san murna ƙarama ba. In kaza ta ƙyanƙyashe, sai kowa ya zo ya gani. In an yi ruwan farko, sai ta fito da tabarmarta ta zauna a ƙarƙashin rumfa tana yi wa hadari sannu da zuwa. Ranar da sakamakon jarrabawata ya fito ba ta san ko mene ne a ciki ba, ta dai ga Baba yana murmushi, sai ta ɗaure ɗankwali a ƙugu. Ni kuwa na shige bayan ƙofa. Takan ce da baƙi, "Ku yi mata uzuri, littafi ne ya cinye mata harshe. Ni nake yi mata magana, ita take yi mini shiru, mun raba aiki."

Amma duk murnarta babu kamar ta ranar da matar Yaya ta haifi namiji. Aka sa masa sunan kakanmu marigayi, mijin Inna, don haka babu mai iya kiran sunan a gidan. Inna ta ce, "To, maigidana ya dawo, wannan karon kuma ni zan juya shi." Daga ranar kowa yake ce masa Maigida. Kullum da safe sai ta yi masa ƙorafi: "Maigida, yau ma ba cefane? Haka ake aure? Ka ci, ka sha, ka yi mini fitsari a zane!" Shi kuwa ya yi ta ɓangala mata baki.

Matar Yaya 'yar wani ƙauye ce kusa da Sandamu, kuma a gidan da ta tashi, kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ba ta kiran sunansa, ko Maigidan ma ba ta faɗa, sai dai "yaron nan". Ba ta ɗaukarsa a gaban manya. In zai sha nono sai ta shige ɗaki, ta gama ta miƙo shi kamar wadda aka ba ajiya. In ya faɗi a tsakar gida sai ta kau da kai har wani ya ɗaga shi. Mata suna yaba ta, suna cewa, "Kai, yarinyar nan ta samu tarbiyya." Akwai kuma wata magana da ke rataye tun ranar suna: Goggo, wadda 'ya'yanta duk sun yi aure gida ya yi mata faɗi, ta ce da Baba in lokacin yaye ya yi ita za ta ɗauki yaron, ya tashi a hannunta a Mai'adua. Baba ya ce, "Ai naki ne, Yaya." Ba wanda ya tambayi uwar, domin ba a tambayar uwa a kan ɗan fari, in ma an tambaye ta ba za ta amsa ba.

Da Maigida ya fara tafiya sai ya kama tsotsar babban yatsansa na dama. Yana tafe yana tsotsa, yana barci yana tsotsa, in aka cire masa ya mayar. Yawu ya yi ta jiƙa fatar tana bushewa, tana jiƙewa tana bushewa, har ta yi fari ta yi kaushi, daga baya ta tsage a gaɓar ta yi jawur. In ya taɓa miya sai ya ƙwala ƙara, in ya gama kukan kuma yatsan dai zai mayar baki don ya rarrashi kansa.

Ana cikin haka Goggo ta zo mana kwana biyu. Ta duba hannun ta ce, "Wannan ai sakaci ne! Gida cike da mata a bar yaro yana cin kansa?" Ta kwance ƙullin mayafinta ta fito da ɓawon maɗaci, wanda ake jiƙawa a shafa wa nono in za a yaye yaro don ɗacin ya kore shi. Ta jiƙa, ta kamo hannun Maigida ta dangwala masa. Ruwan ya shiga tsagar. Ban taɓa jin yaro ya yi irin wannan ƙarar ba. Na dubi uwar. Tana tsaye a kan tukunya da muciya a hannu, ba ta waiwayo ba, amma muciyar ta tsaya cak, tuwon yana ƙauri ba ta sani ba.

Inna ta fito daga ɗaki ba ko takalmi.

"Ke ta Mai'adua! Mijina za ki kashe mini ina raye?"

Haka take kiran Goggo, domin ita ce 'yarta ta fari, ba ta taɓa kama sunanta ba.

"Inna, magani nake yi masa. Kwana biyu ya daina."

"A kan ciwo? Ke in ƙafarki ta yi faso, barkono kike zuba mata?"

"Yara nawa na raina? Duk da maɗacin nan na raba su da nono, ga su nan garau. Ni kaina ai da shi aka yaye ni."

"Shi ya sa har yau bakinki bai daina ɗaci ba!"

Matan gidan suka tuntsire da dariya. Goggo ba ta yi ba. Ta ce, "To ai ba ni na kai kaina inda aka shafa mini ba." Inna ta yi shiru, abin da ban saba gani ba. Ta sunkuya ta ɗauki yaron, ta wanke masa hannun da ruwan randa, ta ce, "Ba inda Maigida za shi sai yatsan nan ya warke. Na faɗa." Washegari Goggo ta hau babur ta koma, ko furar da aka dama mata ba ta sha ba.

Inna ta sa Yaya ya kai yaron ƙaramin asibitin unguwarmu. Nas ta duba ta ce bai yi ruwa ba, bushewa ce kawai, a riƙa tsabtace shi ana shafa mai marar turare, in an ga ya kumbura ko ya fara ruwa a dawo da shi maza. Yaya ya dawo ya faɗa. Inna ta tafa hannu ta ce, "Allah ya yi wa yarinyar nan albarka! A kai mata gyaɗa." Ta aike ni kasuwa na sayo man kaɗe, ta shinshina, ta ɗanɗana, ta ce wannan ne, ba a gauraya shi da komai ba.

Da azahar ta wuce, Maigida ya fara layin barci, sai ta ɗaga murya yadda duk gidan zai ji: "Ke amarya, bar wankin nan ki zo. Hannuna ya yi kaushi kamar bayan kada, in na taɓa masa ƙara masa ciwo zan yi. Ido kuma babu. Wannan aiki sai ke."

Matar Yaya ta ce a hankali, "Inna, ga ƙanwarmu nan, ko ita…"

"Wannan? Ta shafa masa a hanci tana kallon littafi? Shigo na ce."

Ta shigo tana raɓe-raɓe. Inna ta zaunar da ita a bakin gado, ta ɗora mata yaron a cinya, ta shiga koya mata. A sami ruwa mai ɗumi, a gwada shi a bayan hannu. A wanke yatsan ba sabulu mai ƙamshi. A tsane shi da tsohon ɗankwali mai laushi, dannawa ake yi, ba gogawa ba. Sannan a jira. Kada a fizge masa yatsan daga baki, in barci ya yi nauyi da kansa zai sulluɓo. A lokacin ne za a lakato man kaɗe kamar ƙwayar dawa, a murza shi a tsakanin yatsu har ya narke, a bi tsagar da shi sannu sannu, a riƙe hannun a tafi har man ya shige, don kada ya farka ya lashe.

"Har yaushe zan riƙe, Inna?"

"Har sai na ce ki saki."

Daga nan Inna ta fita, ta saki labule, ta ja kujerarta ta zauna daram a bakin ƙofa. Duk wadda ta nufo ɗakin sai ta ce, "Koma, ana magani. Ba a son ido." Ni ina lungun gado da littafina, sun manta da ni kamar yadda aka saba.

Ranar farko matar Yaya ta zauna a sandare, tana riƙe da hannun kamar za a kama ta da sata. Ba a yi mako ba na ji tana yi masa wata 'yar waƙa ta ƙauyensu a ƙasan maƙoshi. Wata rana na ɗago kai na ga ta kai ɗan yatsan bakinta ta sumbace shi, ta shafa masa kai, tana ƙirga masa gashin ido da kallo. Da ya farka ya gan shi a jikinta, bai nemi yatsan ba, wuyan rigarta ya kama. Ta yi dariya, dariya sosai har da ƙyaƙyatawa, irin wadda ban san tana da ita ba. Daga waje Inna ta yi gyaran murya ta ce, "Maganin nan da alama yana ci."

Da rana kuma Inna ta ƙirƙiro wa hannun sana'a. Ta ba shi ƙaramin ludayi da ƙoƙo ya yi ta buga mana ganga har kanmu ya yi ciwo. Ta sa shi watsa wa kaji tsaba. In ta ga yatsan ya nufi baki sai ta ce, "Maigida, tafa mini!" ya saki ya tafa. Ba ta taɓa tsawata masa a kai ba. Takan ce, "Yaron da ya sa hannu a baki wani abu yake nema bai samu ba. Ku ba shi abin, ku bar hannun."

Tsagar ta rufe. Jan ya baje. Sabuwar fata ta fito sumul. Ranar da Inna ta tabbatar, ta ɗauke shi a kafaɗa ta zagaya da shi gida gida a layinmu, tana ɗaga yatsan sama kamar tuta: "Ku fito ku ga hannun mijina! Ko na ɗan sarki albarka!" Mai ƙosai ta ba shi ƙosai, wani tela ya yi alkawarin hula. Tsotsar ba ta ƙare gaba ɗaya ba, sai dai ta koma ta lokacin barci kawai.

Murnar nan kuwa ita ta kai labari Mai'adua. Goggo ta aiko cewa tunda hannu ya warke, ga yaye ya matso, a shirya mata ɗanta. Inna ta aika mata cewa fatar sabuwa ce, sai ta yi ƙwari. Aka jima Goggo ta sake aikowa. Inna ta ce damina ta kama, hanya ba kyau, ba za a ɗora mata miji a babur cikin taɓo ba. Kowa ya san dalilan sun kusa ƙarewa.

Wata la'asar, bayan an gama shafa man, Inna ba ta zauna a ƙofa ba. Ta shigo ta zauna kusa da matar Yaya.

"'Yar nan, kina son a tafi da shi?"

Matar Yaya ta sunkuyar da kai.

"Ni ba baƙuwa ba ce. Kina so?"

Ta girgiza kai, hawaye na ɗiga a kan hannun yaron.

"To, girgiza kai ba ya hana babur tashi. Ni ma haka na girgiza nawa a cikin ɗaki, ranar da aka zo ɗaukar ta Mai'adua. Ina jin kukanta har suka fita zaure, ina nan ina tankaɗe, wai ni mai kunya. Aka yi ta yabona. Da na sake ganinta ta yi wayo, ta durƙusa ta gaishe ni kamar matar maƙwabta. Har yau in na miƙa mata hannu sai mu yi faɗa, don ba mu san wata hanyar ba. Da na buɗe baki na ce a bar mini ita, wa zai yanka ni? Ba kowa. Surutu za a yi, a gaji." Ta gyara wa yaron kwanciya. "Kujerar nan ta bakin ƙofa ba ni zan dawwama a kanta ba. Ki nemo bakinki tun ina nan."

Ba ta samu ta nemo shi tun Inna tana nan ba. Zazzaɓi ya kwantar da Inna 'yan kwanaki, ta tafi.

Ranar sadakar bakwai, bayan an yi addu'a an raba waina, baƙi na nesa suka fara haramar tafiya. Goggo ta yafa mayafinta, ta ce da matan da ke tsakar gida, "To, mai riƙe da shi ta tafi. A haɗo mini kayan yaron nan, mai babur yana jira." Ba da mugunta ta faɗa ba. A ganinta taimako ne, ta ɗauke wa gidan makoki nauyi. Wata ta tashi za ta shiga ɗaki ta haɗo kayan. Maigida yana tsaye a tsakiyar taron, ya ga fuskoki da yawa, yatsan ya koma baki.

Sai na ga matar Yaya ta ajiye kwanon da ke hannunta. Ta ratso tsakiyar matan nan, surukai da tsofaffin unguwa da baƙin Sandamu, har da gwaggwanninta da suka rene ta. Ta sunkuya ta ɗauki ɗanta, ta rungume shi a ƙirji a gaban kowa. Ta je gaban Goggo ta durƙusa da shi, ta yi magana yadda kowa zai ji.

"Goggo, ku yi haƙuri. Ku gafarce ni. Ina son ɗana a wurina."

Tsakar gida ta ɗauki salati. Wata ta ce, "Yau na ga ikon Allah! Ɗan fari?" Wata daga cikin danginta ta rufe fuska da mayafi. Mai ƙosai kuwa, ina kallonta, ta cije leɓe don kada murna ta fito.

Goggo ta tsaya tana dubanta. "Ke kika ce, ko Inna ce ta sa ki?"

"Ni na ce. Amma ita ta ce in nemo bakina."

"Halinta ne. Ko a kabari sai ta yi mini gardama."

"Ba haka ba ne, Goggo." Ta gyara riƙon yaron. "Cewa ta yi, ranar da aka zo ɗaukarku tana jin kukanku har zaure. Ta ce da ta buɗe baki ta ce a bar mata ku, ba wanda zai yanka ta. Ta ce abin bai taɓa barinta ba."

Goggo ta juya. Ta dubi ƙofar ɗakin Inna. Sai ta zauna a ƙasa a wurin, mace mai jikoki, ta fashe da kuka irin na yarinya ƙarama. Tun ranar rasuwar ba wanda ya ga hawayenta sai a lokacin. "Ta ce haka? Da bakinta?" Ta juyo gare ni. "Ke mai littafi, kina wurin?"

Na ce, "Ina wurin, Goggo. Haka ta ce."

Ta daɗe tana kuka, ba wanda ya hana ta. Maigida ya zura mata ido, ya cire yatsan daga baki ya taɓa mata kunci da shi, jiƙe da yawu. Ta kama hannun ta juya shi, ta duba inda tsagar take a da, ta shafa wurin da nata yatsan.

Baba ya leƙo daga zaure ya ce, "Yaya, mai babur ya ce hadari na haɗuwa."

Goggo ta share fuska ta ce, "Sallame shi. Ka ce ya dawo jibi, mutum ɗaya zai ɗauka." Ta miƙa wa uwar hannun yaron. "Tashi, 'yar nan, ƙasa da sanyi. Goya abinki."

Ta goya shi a nan tsakar gida, Goggo ce ta ɗaure mata majanyi.

Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mata kurakuranta, ya sanyaya mata makwanci kamar yadda ta sanyaya wa na ƙasa da ita. Ya sada ta da rahamar da ta fi ta uwa ga ɗanta. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.